Tabon da Ke Jikin Rana

Kowace makaranta, komai lalacewarta, ba ta rasa malami ɗaya da ya ɗauki aiki da zafi har ya zama abin tsokana. A ƙaramar sakandaren da ke jikin tashar motoci, malamin kimiyya ne wannan. Yara suna ce masa Malam Falaki, da farko a bayan idonsa, daga baya har a gabansa, don sun gano sunan yana yi masa daɗi.

Sauran malamai in sun zo darasin rana da duniyoyin da ke zagaya ta, da'ira takwas suke zanawa a allo, su ce a kwafa, su koma kujera su hau danna waya. Shi kam ina! Sai ya kwashi 'yan aji biyu ya kai su filin ƙwallo, ya tsayar da wanda ya fi kowa jiki a tsakiya ya ce kai ne rana, ya ɗaura masa igiyoyi a ƙugu, ya damƙa wa yara takwas bakin igiyoyin, wata gajeriya wata doguwa. Na kusa ya zagaya da gudu, na can nesa ya ja ƙafa kamar wanda aka aika bai so ba. In wani ya saki igiyarsa ya zarce cikin ciyawa, sai Malam ya tsayar da kowa ya ce to kun gani, duk sa'ad da rana ta sake mu, haka za mu miƙe ba waiwaye. A yi ta dariya, ana faɗuwa ana tashi, shugaban makaranta yana leƙowa ta taga yana tsaki. Amma fa in jarrabawa ta zo, ba yaron da ke manta abin da ya hana duniya tserewa, da abin da ya hana ta faɗawa cikin rana.

A cikin wannan aji akwai 'yar yayarsa. Yayar tasa tela ce a wani gari mai nisa, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya tilo. Ita ta goyi Malam yana jinjiri, ita ta riƙe shi bayan uwarsu ta rasu, har gobe kuma in ta kira shi a waya sai ya gyara zama kafin ya ɗauka. Da yarinyar ta gama firamare, uwar ta haɗa mata kaya a akwati ta kawo ta da kanta. Ta ce masa shi ne mai karatu a gidansu, ita ba ta son 'yarta ta ƙare a kan keken ɗinki tana murza ido kamar yadda ita take yi. Ba ta ja zance ba. Ta dai ce, "Ga amana nan," ta koma a motar yamma.

Yarinyar shekarunta sha biyu, siririya, bakinta ba ya hutawa. Me ya sa wata yake bin mota? Me ya sa ruwan teku ba ya zubewa daga ƙarƙashin duniya? Me ya sa kaza, me ya sa kaza, har matar Malam ta laƙaba mata Me-ya-sa, sunan ya bi ta makaranta ya zauna daram. Malam da matarsa Allah bai ba su haihuwa ba tukuna, ba sai an faɗa ba, yarinyar ta cika musu gida. In tana jero tambayoyi yakan haɗe rai ya ce ta bar shi ya sha shayinsa, amma ƙarya yake, ba abin da yake so a duniya kamar wannan surutun.

Ranar da ya gaya wa ajin cewa rana tauraro ce kamar sauran taurari, kusancinta ne kawai ya sa ta fi su girma a idonmu, kuma ita ma juyawa take yi a kan kanta, hannun Me-ya-sa ne ya fara tashi. Ta ce to ta yaya aka san tana juyawa, abin da ba shi da fuska ba shi da ƙeya? Malam ya ji daɗin tambayar har cikin ransa. Ya ce akan sami tabo a jikin rana, wurare ne da ba su kai sauran jikinta zafi ba, sai su yi duhu-duhu. In ka sa wa tabo ɗaya ido, yau yana nan, gobe ya ɗan gusa, har ya kai gefe ya ɓuya. Da haka aka gane. Sai kuma aka yi dace, ko a ce rashin dace, a makon ya gani a waya cewa wani ƙaton tabo ya fito, wanda ido zai iya gani ba sai da na'ura ba, in dai an sami gilashin da ya dace.

Kada wani ya ce jahilci ne ya ja masa, Malam ya san gilashin da ya dace sarai. A layin bayan gidansa akwai mai waldar da ya yi masa ƙofa. Ya je ya aro gilashin da ake sawa a murfin fuska na walda, baƙi wuluk, wanda in ka kara a ido ko tafin hannunka ba ka gani. Kafin ya bar yaro ɗaya ya taɓa shi, sai da ya yi musu wa'azi har kunnuwansu suka gaji. Kada wanda ya kalli rana da ido tsirara, ko da tabaran gayu, ko da gilashin da aka shafa wa hayaƙi, ko ta cikin ruwan bokiti. Ya ce ido ba ya jin zafi in yana ƙonewa, sai an gama ɓarna ake sani. Ya sa suka maimaita, suka sake maimaitawa, har wani ɗan tsokana ya riƙa kwaikwayon muryarsa a bayan layi.

Suka yi layi, kowa ya kalla ya miƙa wa na baya. Rana ta koma wani ɗan abu kore-kore kamar maɓallin riga, ga ɗigon baƙi a gefenta. Yaran da suka saba ihu sai suka yi tsit. Me-ya-sa ta kalla, ta zagaya ƙarshen layi ta sake zuwa, ta sake zagayawa, sai da Malam ya kore ta. Da yamma ya mayar wa mai walda kayansa, don da shi yake neman abinci.

Daga nan fa ta tsaya masa a wuya. Ita sai ta ga tabon yana tafiya da idonta, kullum ta zana inda ya kai. Gani ɗaya ai ba hujja ba ce, in ji ta, kuma shi ya koya musu haka. Ta bi shi da magiya a hanyar makaranta, ta bi shi da ita wajen cin abinci, har matarsa ta ce don Allah ya samo wa yarinyar nan gilashinta kowa ya huta.

Ya koma shagon da yamma liƙis. Mai walda yana durƙushe yana haɗa ƙafar wani tankin ruwa, murfi a fuska, tartsatsi na tashi, janareta na ruri. Malam ya ɗaga murya ya faɗi abin da ya kawo shi. Mai walda bai ɗaga murfin ba, ya dai nuna bango da gwiwar hannu ya ce ya duba nan ya ɗauka. A jikin bangon tarkace ne iri-iri rataye a kan ƙusoshi. Akwai wani baƙin gilashi irin na rannan, amma gefensa ya tsage, yana da kaifi. Kusa da shi kuma ga wani tabarau mai ido biyu, kore mai duhu, da igiyar roba ta ɗaurawa a ƙeya. Malam ya kara shi a ido, shagon ya yi duhu. Sai ya yi tunani irin na mai son yaro: wancan zai yanke mata yatsa, wannan kuwa za ta ɗaura shi, hannuwanta su sake ta yi zanenta. Ya ɗaga shi sama ya ce ya ɗauki wannan. Mai walda ya gyaɗa kai ta cikin murfin da ba a ganin komai ta cikinsa sai wuta.

Abin haushin ke nan. Mutumin da ya tsare aji guda da wa'azi, bai fita ƙofar shago ya gwada tabaran da rana ba. Ranar ta riga ta faɗa bayan gidaje, shi kuma yana sauri, da safe kuma ya manta. Tabaran na masu yanka ƙarfe da wutar gas ne. Duhunsa ya isa ya rufe shago, bai isa ya tare rana ba.

Kullum in sun dawo daga makaranta, rana na dukan tsakar ka, sai ta jefar da jaka ta fita bayan gida wajen igiyar shanya, ta ɗaura tabarau ta ɗaga kai. Ba a jima da farawa ba ta leƙo ɗaki, idanunta jawur, ta tarar da shi ya baje takardun gwaji a ƙasa yana ba da maki.

"Kawu, wannan ya fi wancan haske. Hawaye yake sa ni, kuma da ƙyar nake samo tabon."

Bai ɗago ba. Yana neman inda wani yaro ya ɓoye amsa a cikin shirme. Ya ce, "Za ki saba."

Ta kuwa koma. Da wani ne ya ba ta tabaran, da ta yi ta tambaya har ya gaji. Amma Kawu ne, wanda ya fi kowa tsoron rana a garin nan, in ya ce ba komai to ba komai. Tunda hasken yana ɓoye mata tabon, sai ta ƙara daɗewa tana nema, tana share hawaye ta ƙasan tabaran tana komawa.

Wata safiya suna karyawa, ta shigo da fara'arta ta ce tana da labari. Yanzu tana ganin tabon sosai, ya ma ƙara girma. Sai dai akwai gyara a maganarsa, don tabon ba ya gusawa gefe kamar yadda ya ce, a tsakiya yake zaune.

"Kuma ka san abin mamaki, Kawu? Ko ba tabarau ina ganinsa. Ga shi can a bango. Ga shi a cikin kofina." Ta juyo ta dube shi ta yi dariya. "Ga shi a kan hancinka."

Matarsa ta tuntsire da dariya ta ce yarinyar nan ba ta rabo da shirme. Shi kuwa ya ajiye burodin da ke hannunsa. Ya tashi ya ɗauki tabaran a kan taga, ya fita tsakar gida ba takalmi, ya ɗaura ya ɗaga kai. Ko ƙiftawa bai gama ba ya sunkuyar, hasken ya soke shi kamar allura. Ya tsaya nan riƙe da igiyar shanya, yana jin su a ɗaki suna ci gaba da dariya.

A ranar bai je makaranta ba. Asibitin ido cike yake da tsofaffi masu auduga a ido ɗaya, da 'yan rakiya masu gyangyaɗi a kan benci. Me-ya-sa tana ta tambayar dalilin kawo ta alhali ba abin da ke mata ciwo. Aka zaunar da ita gaban allon haruffa. Babban harafin sama ta faɗe shi, na ƙasa da shi ta ce an goge tsakiyarsu. Aka ɗiga mata magani. Likitar, wata mace mai furfura da ba ta da yawan magana, ta daɗe tana haska cikin idanun, sannan ta sa nas ta fita da yarinyar.

Ta yi masa bayani a hankali, yadda shi yake yi wa 'yan aji. A can bayan ido akwai wani ɗan mitsitsin wuri, da shi ake karatu, da shi ake gane fuskar mutum. Nan ne ya ƙone, a ido biyun. Ba za ta makance ba, za ta ga hanya, za ta ga gefe da gefe. Amma duk abin da ta sa wa ido kai tsaye, tsakiyarsa zai ɓace. Ba magani, ba tiyata, sai jira. Da yawa yakan washe musu cikin 'yan watanni, wasu ya ragu, wasu kuma ya zauna. Ta tambayi wanda ya ba yarinya tabaran. Ya ce shi ne. Ta tambayi aikinsa. Ya faɗa. Likitar ta dube shi, ta mayar da kai kan takardarta. Wallahi da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

A hanyar gida ya gaya wa yarinyar gaskiya, iyakar yadda bakinsa ya iya. Ya ce tabon da take gani ba na rana ba ne, a cikin idonta yake, kuma tabaran da ya ba ta ne ya jawo. Suka wuce kasuwa. Sannan ta tambaya ko tabon zai tafi. Ya ce zai tafi in Allah ya yarda. Ta ce to shi ke nan, ta kama hannunsa suka tsallaka titi.

Matarsa ta ce ya kira Yaya yau ɗin nan. Ya ce a bari tukuna, ai likita ta ce yakan washe, me zai sa a tayar wa baiwar Allah hankali a kan abin da zai wuce? Matar ta ce ba Yaya yake tausayi ba, kansa yake tausayi. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ya yi fushi. Duk ƙarshen mako in uwar ta kira, sai ya miƙa wa yarinyar waya ya tsaya a bakin ƙofa yana saurare. Ita kuma ta ce lafiya lau, karatu lafiya, Kawu yana gaishe ki. Bai taɓa ce mata ta ɓoye ba. Bai kuma taɓa ce mata ta faɗa ba, kuma ya san yarinya mai wayo irinta ta gama karantar abin da yake so.

Aka shiga jira, jira kuwa mugun abu ne in kai ka jawo shi. Kowace safiya kafin ta gama gaishe shi ya jefo tambaya: yaya yau? Da farko takan rufe ido ɗaya ta dubi bango, ta faɗa masa tsakani da Allah, yana nan bai ragu ba. Sai ta ji yadda yake ajiye numfashi. Daga baya ta koma cewa da sauƙi. Kullum da sauƙi. Shi kuma ya riƙe wannan da sauƙin hannu bibbiyu ya kai wa matarsa, matar ta dube shi kawai ta ci gaba da wanke-wankenta.

Ba abin da bai jarraba ba. Mutumin da a da in maƙwabta suka kawo zancen wani magani sai ya hau tambayar wa ya gwada, a ina, a kan mutum nawa, yanzu duk abin da aka ce yana gyara ido sai ya kinkimo. Karas har yarinyar ta tsane shi, ƙwayoyin ƙarin lafiya kala-kala, labule mai kauri a tagar ɗakinta. Ya san ba abin da za su yi. Zama haka kawai ne ba ya iyawa.

Ya mayar da ita layin gaba a aji, ya riƙa rubutu a allo manya-manya har yara suna tambaya ko alli ne ya yi araha. Ya roƙi sauran malamai su riƙa faɗin abin da suke rubutawa da baki, suka yi kwana biyu suka manta. Da yamma ya zauna ya karanta mata darussa, tarihi da lissafi da komai, tana zaune ta haɗa kai da gwiwa tana saurare. Saurare kawai. Wannan bakin da ba ya hutawa ya mutu murus. Sunan dai bai sake ta ba, ana ta Me-ya-sa zo, Me-ya-sa tafi, ita kuwa ta daina tambayar kowa komai. Matar Malam ce ta fara kasa kiran sunan, ta koma ce mata 'yata.

Shi ma aikin ya fita ransa. Da aka zo darasin husufi da yadda wata ke zagaya duniya, 'yan ajin suka fara warware igiyoyi da murna, ya ce su zauna. Ya yi zane a allo ya ce a kwafa. Shugaban makaranta har yaba masa ya yi, wai yanzu ya natsu. Labarin abin da ya faru ya zaga ɗakin malamai, ba wanda ya tare shi da shi, sai dai in ya shigo hira ta canza. Ba a kore shi ba, ba a ko kira shi ofis ba, tunda a gidansa abin ya faru kuma 'yar gidansa ce. Wani lokaci yakan ji da ma an kore shi.

Ƙaryar da sauƙi ta ƙare ne a bakin ƙofar makaranta. An tashi, yana tsaye cikin wasu malamai yana jiranta. Ta fito, ta dubo wajen, idonta a kan fuskarsa sak, ta kawar ta ci gaba da nemansa a cikin taro. Ta sake dubowa, ta sake wucewa. Tsakaninsu bai fi tsawon benci ba. Sai da ya yi gyaran murya ta saki fuska ta ce, au Kawu, ashe kana nan. A hanya ya matsa mata, ta ce in dai ta dubi mutum daga ɗan nesa, jiki take gani da kunnuwa, fuskar babu. Da murya take gane mutane, da tafiya. Ya ce to don me take ce masa da sauƙi?

Ta ce, "Na ga kana so ne."

Da watannin da likita ta ɗiba suka cika, suka koma. Idon hagu ya ɗan washe, tabonsa ya koma toka-toka. Na dama yana nan yadda yake. Likitar ta ce abin da bai tafi ba zuwa yanzu, kada ya sa rai da shi da yawa. Ta zaunar da yarinyar ta koya mata dabara: in tana son ganin abu kada ta dube shi, ta dubi gefensa kaɗan, sai ya faɗo inda idon yake da lafiya. Ta rubuta musu gilashin ƙara girman rubutu. Ta ce yara suna sabawa. Da Malam ya ji kalmar nan sai ya tuna ranar da shi ma ya faɗa mata ita.

A ranar ya kira yayarsa, a tsaye a harabar asibiti, ya faɗa mata komai tun daga shagon mai walda. Ba ta katse shi ba. Da ya gama ta tambaya tun yaushe. Ya faɗa. Sai ya ji ƙarar keken ɗinkin da ke bayan muryarta ta tsaya, sannan wayar ta mutu.

Washegari da rana ta iso. Ya yi zaton ihu, ya ma shirya masa, yana so a yi masa. Yaya ba ta yi ba. Ta amsa gaisuwar matarsa, ba ta taɓa ruwan da aka kawo ba, ta zauna a bakin gado ta jawo 'yarta, ta riƙe fuskarta da hannu biyu tana duba idanun. Idanu ne garau, farare tas, ba abin da ya nuna. Ita ba ta san wani allon haruffa ba. Ta buɗe jakarta ta zaro allura da zare ta miƙa mata.

Yarinyar da tun ba ta fara makaranta ba ita ke zura wa uwarta zare. Ta lashi bakin zaren, ta ɗaga allurar saitin taga, ta kai. Ya wuce ta gefe. Ta sake. Ta karkatar da kai yadda likita ta koya mata, ta kai, ya lanƙwashe. Ta yi ta yi, ta ce Umma bari in sake, hasken ne bai isa ba. Uwar ta karɓi allurar a hankali ta mayar jaka. Sai a lokacin ta dubi ƙanenta.

"Da na bar ta a kan keke, sai ta kai shekaruna kafin idon ya gaji. Kai ka gama da shi tana sha biyu."

Ya durƙusa. Ya ce ta yafe masa. Ya ce akwai gilashin karatu, akwai makarantun da suka san kan irin wannan, shi zai karanta mata kowane littafi har ta gama, zai bar komai ya yi wannan. Yaya ta ce tabaran ba ta riƙe shi da shi ba, tsautsayi yana iya faɗa wa kowa. Amma watannin da ya bar 'yarta tana ce mata lafiya lau, wannan ba ta san inda za ta ajiye shi ba. Ta juya ta roƙi matarsa ta taya ta haɗa kayan yarinya. Matar ta tashi tana ninke riguna, hawaye na ɗiga a kansu.

Ya ɗauki akwatin ya bi su tasha, ba wanda ya ce ya zo, ba wanda ya ce ya koma. Yaya ta shiga motar yamma ta zauna, ta kafa ido gaba. Yarinyar ta sami wajen taga. Ya miƙa wa kwandasta akwatin, ya zo ya tsaya jikin motar. Ita kuwa ta kawar da fuska, ta dubi wani mai sayar da lemo da ke gefensa. Zuciyarsa ta karye. Ya ce a ransa ai da gaskiyarta, ko shi ne ba zai dubi kansa ba. Ya fara ja da baya.

"Kawu, tsaya mana. Kallonka nake yi."

Ya tsaya. Fuskarta tana wajen mai lemo, tana kallonsa. Ta ce ya rame. Ta ce ya gaya wa matarsa ta manta takalmin makarantarta a ƙarƙashin gado, a ba wata. Direba ya tayar da mota. Sai ta matso da bakinta jikin taga, ta yi ƙasa da murya don kada uwarta ta ji, ta tambaye shi ko tabon nan yana nan a jikin rana har yanzu.

Ya ce a'a. Irinsu ba sa daɗewa, 'yan makonni ne su shafe. Wancan ya jima da ɓacewa.

"Ita nata ya warke ke nan," ta ce.

Kwandasta ya buga jikin mota, ta ja ta fita daga tasha. Malam yana nan tsaye inda ta bar shi, har mai lemo ya ce masa don Allah ya ɗan matsa, ya tare masa masu saye.